Ƙungiyoyin Taimakon Jama'a da Kafofin Sada Zumunta: Abin Lura Daga Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan

Da wuya a sami gari mai ɗan girma a arewacin Jihar Kaduna wanda ba shi da ƙungiyar ci gaban gari, ko ta tsofaffin ɗalibai, ko ta tallafa wa marayu, ko kuwa ta matan da ke adashi suna ba juna jari. Daga Furana zuwa Ikara, daga Makarfi zuwa Hunkuyi da Kudan, irin waɗannan ƙungiyoyi su ne ke yashe rijiya in ta cushe, su ne ke haɗa kuɗin motar da za ta kai mai naƙuda asibiti, su ne kuma ke zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma da takardar koke in iska ta yaye rufin makaranta. Ba don riba aka kafa su ba, kuma in an bi salsalarsu za a tarar jikokin aikin gayya ne. A 'yan shekarun nan kusan kowacce ta buɗe shafi a Facebook ko zaure a WhatsApp, amma da yawa daga cikinsu sun buɗe ne kawai don sun ga maƙwabta sun buɗe. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda ƙungiya irin wannan za ta tsara aikinta a waɗannan kafofi, da abin da za ta iya samu, da abin da za ta iya asara.

Isar da saƙo ga talakawa a ƙasar Zazzau ba sabon aiki ba ne. Tun da can akwai sankira da mai shela, akwai ranar kasuwa, akwai sanarwar bayan sallar Juma'a. A shekarar 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, motar majigi tana bin ƙauyuka tana nuna tsabta da noma a jikin farin ƙyalle. A 1962 gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, a 2001 kuma wayar salula ta shigo Nijeriya. Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi a wannan tarihi shi ne, kowace kafa daga cikinsu ta hannun wani take isa ga jama'a. Jarida guda mutum ɗaya ke karanta ta, goma su saurara. Akwatin rediyo guda a teburin mai shayi ya ishi majalisa. Haka babbar waya take a yau: ta saurayi ɗaya ce, amma abin da ke cikinta yakan kai ga uwarsa da kawunsa da limamin unguwa. Ƙungiyar da ta manta da wannan mutum na tsakiya, ta ɗauka kowa a ƙauye yana zaune da waya a hannu yana karanta rubutunta, ta fara kuskure tun kafin ta rubuta kalma ɗaya.

Da wa ake magana?

Tambayar farko da shugabannin ƙungiya za su yi wa kansu ke nan, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Ƙungiyar gari tana da masu sauraro iri uku, waɗanda ba a wuri ɗaya suke taruwa ba. Akwai mutanen garin kansu, manoman rake da tumatir da masara, da matan da ke cikin gida. Akwai 'yan asalin garin da aiki ko fatauci ya kai su Zariya da Kaduna da Kano da Abuja da Legas, waɗanda yawanci daga aljihunsu gudummawa ke fitowa. Sa'an nan akwai hukuma da 'yan jarida da manyan ƙungiyoyin ba da tallafi.

Ga mutanen gari, babu abin da ya kai saƙon murya na WhatsApp. Dalilin a fili yake. Akwai dubban mutane a wannan yanki da ke karanta Alƙur'ani da ajami sarai amma boko yana ba su wuya, ga shi kuwa murya ba ta bukatar karatu ko kaɗan. Ban da haka, murya tana ɗauke da shaidar mai ita. In aka ji muryar ungozomar da aka sani tana cewa ranar Talata za a yi awon ciki, to, an ji daga bakin wadda in ta yi ƙarya za a same ta a gida. Saƙon kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, ya faɗi abu guda, ya ambaci rana da wuri, kuma mai magana ya fara da sunansa da sunan ƙungiyarsa, domin in saƙon ya yi tafiya daga waya zuwa waya kada ya zama maraya. Hoton bidiyo yana da daɗin kallo, amma yana cin data, ga shi kuwa a farkon 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Manomin da zai biya kuɗin caji a shago, ya kuma sayi data da kuɗin da zai iya sayen magi da gishiri, ba zai buɗe bidiyon minti goma na jawabin shugaban ƙungiya ba, kuma ba a ga laifinsa ba.

'Yan gari mazauna birni kuwa a Facebook aka fi samunsu, kuma abin da suke nema daban ne. Suna so su ga gida, su ga fuskokin da suka sani, su ga inda kuɗinsu ya shiga. Hukuma da 'yan jarida su kuma sun fi sauraron abin da ya tashi a Twitter, wadda aka sauya wa suna zuwa X a 2023, kuma a nan sau da yawa sai an haɗa da Turanci. Ba dole ba ne ƙaramar ƙungiya ta shiga dukan waɗannan wurare. Wadda aikinta duka bai wuce mazaɓa ɗaya ba, zauren WhatsApp mai tsari ya fi mata shafuka huɗu da ba mai kula da su.

Bagega da Kudan

Misalin da aka fi kafa hujja da shi a Arewa kan ƙarfin waɗannan kafofi shi ne na Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje tana kashe yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma. Likitoci kuwa ba su iya fara magani ba sai an share garin, gama in an wanke jinin yaro ya koma wasa a kan ƙasar nan, aikin ya zama na baban giwa. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, watanni suka yi ta wucewa kuɗi bai fito ba. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin Follow The Money, watau a bi sawun kuɗi, suka je Bagega da kansu suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye. A ƙarshen 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch da abokan aikinta suka roƙi jama'a su riƙa rubuta tambaya a shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan. A Janairun 2013 taken #SaveBagega, ma'ana a ceci Bagega, ya cika Twitter, Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin, ya sa baki, kafin watan ya ƙare aka ba da umarnin sakin kuɗin. A cikin shekarar aka share garin, aka fara yi wa yara magani.

Wanda ya ji wannan labari a gurguje zai ce Twitter ce ta ceci Bagega. Lalle ta yi nata, amma a duba abin da aka riga aka tanada kafin a kai gare ta. Bukata ɗaya tak aka gabatar, watau a saki kuɗin da aka riga aka yi alkawari. An san adadinsa. An san mutumin da ke da ikon sa hannu. Akwai likitoci a wurin waɗanda ba a iya ƙaryata shaidarsu, akwai kuma masu aikin share ƙasa da ke jiran kuɗi kawai. Hayaniyar intanet ta zo ne a kan aikin da aka yi shekara biyu ana yi a ƙasa. A gwada wannan da taken #BringBackOurGirls na watan Afrilun 2014, bayan sace ɗalibai mata 276 a Chibok. Wannan take ya zaga duniya fiye da na Bagega nesa ba kusa ba, har uwargidan shugaban Amurka ta ɗaga allonsa, amma abin da ake nema ba na sa hannu a takarda ba ne, kuma bayan shekara goma akwai 'yan matan da ba su dawo ba. Yawan masu maimaita take bai isa ya nuna ko za a biya bukata ba.

Shirin na bin sawun kuɗi ya iso wannan yanki. Daga shekarar 2017 ƙungiyar Connected Development, wadda ita ce uwar shirin, da tallafin Gidauniyar MacArthur ta Amurka, ta shiga bibiyar kuɗin gine-ginen makarantun firamare a ƙananan hukumomi huɗu na Jihar Kaduna: Jama'a da Kajuru da Zangon Kataf da Kudan. Kuɗin da ake magana a kai shi ne na ilimin bai ɗaya, wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, bisa sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Matsalar da aka saba gani ita ce, mutanen gari sai dai su wayi gari su ga ɗan kwangila ya sauke yashi da bulo. Ba su san aji nawa aka ba shi ya gina ba, ba su san ko da bayan gida da kujeru a ciki ba, saboda haka duk abin da ya gina sai su ce an gode. Abin da shirin ya yi shi ne ya nemo bayanin ayyukan daga hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ya miƙa shi ga kwamitocin kula da makarantu da shugabannin al'umma, ya kuma haɗa su da jami'ai a taron gari da shirin rediyo.

A nan ne wayar ke da amfaninta na gaskiya. Hoton ginin da ya tsaya a linta ba ya cewa kome shi kaɗai. Amma in aka ajiye shi kusa da takardar da ta ce aji uku da ofis, za a gama cikin wata kaza, aka rubuta sunan makaranta da ranar da aka ɗauki hoton, to, ya zama hujjar da injiniyan hukuma ba zai iya kau da kai daga gare ta ba. Ma'aikacin gwamnati mai hankali ma ba zai ɗauki wannan a matsayin cin fuska ba. Jami'in da ke zaune a Kaduna ba shi da man motar da zai zagaya kowace makaranta a Kudan kowane mako, saboda haka kwamitin makaranta mai waya ido ne aka ba shi kyauta. Gwamnatin jihar kanta, a zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i, ta fito da tsarin da ta kira Eyes and Ears, watau idanu da kunnuwa, domin jama'a su riƙa aiko da rahoton ayyukan gwamnati ta waya. Ladabin da ya kamata ƙungiya ta kiyaye shi ne ta fara kai kokenta ofis a rubuce, ta karɓi shaidar an karɓa, ta ba da lokaci. In aka yi shiru, sa'an nan ta fito da shi fili, ta faɗi ranar da ta kai takardar. Wadda ta fara da zagi a Facebook ta rufe wa kanta ƙofar da za ta bukata gobe.

Kuɗi da mutunci

Mafi yawan ƙungiyoyin da suka watse, a kan kuɗi suka watse, kuma intanet ta ƙara wa wannan hatsari sauri. Neman taimako a Facebook yana da sauƙi: a sa hoton mara lafiya, a sa lambar asusu. Saboda sauƙin nan ne 'yan damfara suka cika wurin, har mai niyyar bayarwa ya koyi ɗari-ɗari. Ƙungiyar da ke son a amince da ita sai ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni a matsayin amintattu, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada, ta buɗe asusu da sunanta, wanda ba a cire kuɗi daga cikinsa sai da hannun mutum biyu ko uku. Asusun sakatare na kansa, kome gaskiyarsa, tarko ne gare shi, domin ranar da aka ga ya sayi sabon babur ba wanda zai tambaye shi ko rakensa ya sayar. Bayan haka sai a riƙa bayyana lissafi a wurin da aka yi roƙon: an tara kaza, an biya asibiti kaza, ga rasit, ga abin da ya rage, ga inda za a sa shi. A kuma sanar ranar da aka rufe karɓa. Sau da yawa roƙo yakan ci gaba da yawo a wayoyi wata shida bayan mara lafiyan ya warke, ko ya riga mu gidan gaskiya.

Batun hoto ya fi wannan nauyi, kuma ba a cika tattauna shi ba. Ya zama al'ada a jera marayu ko zawarawa a rana, kowa riƙe da ƙullin shinkafa, shugabannin ƙungiya na tsaye a bayansu cikin manyan riguna, a ɗauki hoto a watsa. Masu yin haka sukan ce shaida ce ga masu bayarwa. Amma a gari kamar Ikara ko Makarfi kowa ya san kowa. Matar da aka nuna tana karɓar zakka tana da surukai, yarinyar da aka nuna ciwonta za ta girma a zo neman aurenta, hoton kuwa yana nan bai goge ba. Ana iya nuna buhunan, a nuna rijiyar, a nuna rasit, a faɗi yawan gidajen da suka amfana, ba tare da an tona asirin kowa ba. In kuwa dole sai an nuna fuska, a nemi izini a bayyane, a gaya wa mutum inda hoton zai je, kuma a tabbatar masa ƙin yarda ba zai hana shi rabonsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta shar'anta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Sai jita-jita. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyin Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka kwantar da mutane da dama a asibiti, wasu suka rasu. Arewa kuma ba ta manta da 2003 ba, sa'ad da raɗe-raɗi ya tsayar da allurar shan inna a Kano kusan shekara guda, tun ba a san WhatsApp ba. Kamfanin WhatsApp kansa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda don rage gudun ƙarya. Zauren ƙungiya yana da kwarjinin da zauren abokai ba shi da shi, saboda haka abin da aka bari ya kwana a cikinsa kamar ƙungiyar ce ta sa masa hannu. A shekarar 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonaki har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, manomi na cikin halin da duk maganin feshin da aka ambata masa zai saya. A irin wannan lokaci aikin ƙungiyar manoma shi ne ta nemi malamin gona, ko masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, waɗanda ke nan kusa, ta naɗi muryarsu ta watsa, ta kuma goge duk wani haɗin magani da ba a san mai shi ba.

Siyasa ma haka. Yankin da ya fitar da gwamna, Ahmed Mohammed Makarfi, daga 1999 zuwa 2007, ba a koya masa zafin siyasa. Da zarar zaɓe ya matso, ɗan takara zai kawo gudummawa, ya nemi a sa hotonsa a shafi. In aka sa na ɗaya, rabin 'yan ƙungiya sun fita, in kuma wancan ɓangaren ya ci, ƙofar sakatariya ta rufu shekara huɗu. A rubuta doka tun ana zaman lafiya: ana karɓar gudummawar kowa, a yi godiya da lafazi iri ɗaya, ba a sa fosta.

Gidan haya

Shafin Facebook gidan haya ne, mai gida kuwa yana Amurka. A Janairun 2018 kamfanin ya sanar cewa zai fifita saƙon dangi da abokai a kan na shafukan ƙungiyoyi da kamfanoni, sai masu shafuka suka ga mabiyansu na nan da yawansu amma masu ganin rubutunsu sun ragu. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 har Janairun 2022. A cikin wannan shekara ta 2021 kuma aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, na Kaduna ya ɗauki kimanin wata biyu. Ƙungiyar da duk sunayen mutanenta da tarihin aikinta ke cikin shafi kaɗai, a irin wannan rana ba ta da kome.

Akwai kuma wata asara ta cikin gida wadda ta fi waɗannan yawan aukuwa. Yawanci wani saurayi mai ƙwazo ne ke buɗe wa ƙungiya shafi, da lambar wayarsa, da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Sai ya sami gurbin karatu, ko ya tafi bautar ƙasa, ko a yi saɓani a wurin taro, shafi ya tafi da shi. Wani lokaci ma ɗan damfara ne zai kira shi ya ce ya karanto lambobi shida da aka turo masa, da ya karanta sai zauren ya koma hannun ɓarawo, a shiga roƙon kuɗi da sunan ƙungiya. Maganin wannan ba ya bukatar ko kwabo: layin waya na ƙungiya, masu riƙe da shafi mutum uku, cikinsu har da mace domin akwai gidajen da saƙo ba ya shiga sai ta bakin mace, a kunna makulli na biyu da WhatsApp ya tanada, a kuma sa miƙa kalmar sirri cikin kayan da tsohon sakatare ke miƙa wa sabo, tare da hatimi da littafin kuɗi.

Game da auna nasara, yawan mabiya da yawan masu danna alamar yabo su ne suka fi saurin gani, su ne kuma suka fi ruɗi. Ƙungiyar da ta yi shelar awon ciki, abin da za ta ƙirga shi ne mata nawa suka zo ranar Talata, ta kuma tambaye su a bakin ƙofa daga ina suka ji. In bakwai cikin goma suka ce daga masallaci ko daga bakin maƙwabciya, to, ta san inda za ta kai saƙonta na gaba, ta kuma san cewa kuɗin datar da take kashewa a bidiyo gara ta saya wa mai shela batirin lasifika. Amsoshin nan a rubuta su a littafi mai bango, tare da sunayen 'yan ƙungiya da lambobinsu da unguwanninsu, a ajiye shi a wurin ma'aji.